YADDA AKE ZAƁEN WAYA DA KWAMFUTA, DA YADDA AKE KULA DA SU

Jama'a, karatunmu na yau a kan wayar hannu ne da kwamfutar tafi-da-gidanka. Kowace shekara in kaka ta yi, an sayar da wake da gyaɗa da gero, sai mutanen ƙauye su riƙa shigowa birnin Katsina. Waɗansu daga Batagarawa, waɗansu daga Rimi, waɗansu daga Kaita ko Jibiya. Da yawa cikinsu waya suka zo saye. Mu da ke zaune a unguwar Kambarawa muna ganin zuwansu. Muna kuma ganin komowar waɗansu bayan wata biyu ko uku, waya ta mutu, suna cigiyar mai gyara.

Kuɗin nan gumin damina ne. Bai kamata ya salwanta a banza ba. Saboda haka ga abin da muke so ku riƙe tun daga farko: waya kayan aiki ce, kamar fartanya ko keken ɗinki. Mutum ya fara sanin aikin da zai yi da ita, sa'an nan ya saya. Wanda ya saya don a gani, shi ne kan yi da-na-sani.

YADDA WAYA TA ZAMA KAYAN AIKI

Dattawa cikinku sun tuna zamanin da babu waya sai ta igiya, ta kamfanin gwamnati da ake kira NITEL. Ba a samunta sai a ofisoshi da gidajen manya. A farkon shekarar 2001, zamanin mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta sayar wa kamfanoni izinin yin wayar hannu. Cikin watan Agusta na wannan shekara MTN da Econet suka soma aiki. Econet ɗin nan shi ne ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel a 2010. Glo ya biyo baya a 2003, shi ne ya kawo lissafin kira da daƙiƙa maimakon minti. A farko layi kaɗai yakan kai wajen naira 20,000, ban da kuɗin waya.

Da farko gaisuwa kawai ake yi da ita. Amma ku duba yadda abin ya yi ta girma. A 2012 gwamnatin tarayya ta soma aika wa manoma saƙon takin zamani ta waya. Daga 2015 jarrabawar shiga jami'a, watau JAMB, ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Cikin Disamba 2020 aka ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, wadda ake ce wa NIN. A farkon 2023, da aka sauya takardun kuɗi, tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai, har mai sayar da awaki a kasuwar ƙauye sai da ya karɓi kuɗinsa ta waya.

To, kun gani. Waya ta zama gidan waya, ta zama banki, ta zama rediyo, ta zama fitila. Abin da ya ɗauki wannan nauyi duka ba a sayensa da ka.

IRI NAWA NE?

Iri huɗu ne muke yawan gani.

Ta fari ƙaramar waya mai madannai. Tana kira, tana aika saƙo, tana da tocila da rediyo. Ana iya tura kuɗi da ita ta hanyar danna lambobin banki. Cajinta yakan yi kwanaki. In ta faɗi ba ta cika fashewa ba. Ga manomi ko makiyayi da ke nesa da wutar lantarki, sau da yawa ita ce ta fi.

Ta biyu babbar waya mai gilashi, wadda ake shafawa da yatsa. Tana ɗaukar hoto, tana shiga intanet, ana yin WhatsApp da Facebook da ita. Ɗan kasuwa yakan ɗauki hoton kayansa ya aika Kano ko Legas. Tela yakan ga sabon ɗinki a cikinta. Amma tana son caji kullum, tana cin kuɗin data, gilashinta kuma ba ya jure faɗuwa. Galibin waɗanda ke hannun mutanenmu su ne Tecno da Itel da Infinix, duk ukun kuwa na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin. Akwai Samsung ta ƙasar Koriya, da iPhone ta Amurka.

Ta uku mai faɗi kamar allon makaranta. Aikinta kusan ɗaya da na babbar waya, sai dai rubutunta ya fi girma. Tana da kyau ga mai karatu da yara 'yan makaranta.

Ta huɗu kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ake buɗewa kamar littafi. Ita ce ta dogon rubutu da lissafi. Ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a Kwalejin Hassan Usman yana bukatarta. Haka akawu da malamin makaranta. Wanda aikinsa kira da gaisuwa ne ba ya bukatarta.

Kafin ka fito daga gida, tambayi kanka abu uku. Me zan yi da ita? A ina zan yi caji? Wane layi ne ke kamawa a garinmu? In ka amsa waɗannan, ka yi rabin ciniki.

ABIN DA AKA RUBUTA A JIKIN KWALI

Ga inda karatunku zai yi muku rana. A jikin kwalin kowace babbar waya akwai lambobi. Mai sayarwa yana iya faɗa muku abin da ya ga dama, amma lambobin suna nan a rubuce. Ku koyi huɗu daga ciki.

1. Rumbu. Nan ne waya ke ajiye hotuna da saƙonni da karatu da waƙoƙi. Ana aunawa da mudun da ake rubutawa GB, mutane suna ce masa giga. Za ku ga 32GB, ko 64GB, ko 128GB. Yawan lamba, girman rumbu.

2. Wurin aiki. Ana rubuta shi RAM. Ku ɗauke shi kamar tabarmar da ake shanya hatsi. Ko rumbu ya cika fal, in tabarma ƙarama ce, kaɗan kaɗan za a riƙa aiki. Waya mai ƙaramin RAM takan yi nauyi, ta riƙa tsayawa. In kun ga lamba biyu tare, kamar 4GB da 64GB, ƙaramar ita ce RAM, babbar ita ce rumbu. Ku lura kuma, waɗansu kwalaye sukan rubuta 4+4. Huɗun farko ita ce ta ainihi. Ta biyun aro ce daga rumbu, ba ta kai ta ainihin sauri ba.

3. Batir. Ana rubuta ƙarfinsa da lamba, a bayanta a sa mAh. Mai 5000 ya fi mai 3000 daɗewa. Ga mutumin ƙauye wannan lamba ta fi kyan hoto muhimmanci.

4. Hanyar sadarwa. Za ku ga 2G, 3G, 4G ko 5G. Kira da saƙo 2G ya ishe su. Intanet kuwa sai 4G ne yake tafiya da kyau. An soma 5G a Nijeriya a 2022, amma a manyan birane ya fi yawa. Kada ka biya kuɗin abin da bai iso garinku ba.

RANAR CINIKI

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka ba da kuɗi sai an buɗe an kunna a gabanka. Sa layinka, ka kira wani, ka ji ko yana jinka, kana jinsa. Sa caja ka ga ko tana ɗauka. Kunna rediyo da tocila. In mai gilashi ce, shafa kowace kusurwa ka ga ko tana amsawa.

Kowace waya tana da lambar shaida tata ita kaɗai, mai ƙwaya 15, ana kiranta IMEI. Danna *#06# sai ta fito. Gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, mayar musu da kayansu. In sun yi daidai, rubuta lambar a littafinka ka ajiye a gida. Ran da waya ta ɓace, wannan lamba ce za ka kai wa 'yan sanda.

Lalle ne ka karɓi rasit, a rubuta sunan shago da kwanan wata da lambar nan. Sabuwar waya takan zo da alkawarin gyara na shekara guda daga kamfani, in lalacewar ba laifinka ba ce. Ba rasit, ba alkawari. Kada ka yar da kwalin.

Akwai kuma wayoyin gwanjo, waɗanda wani ya riga ya yi amfani da su. Waɗansu daga Turai ake kawo su, su bi ta babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, har su iso nan. A ciki akwai nagari. Amma batirinsu ya riga ya sha aiki, babu kuma alkawarin kamfani. In za ka saya, tafi da wanda ya sani. Ka tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa da makullinsa daga ciki, in ba haka ba wata rana za ta kulle, ta zama maka dutse.

Abu ɗaya kuwa kada ku kuskura. Wani ya tare ka a tasha ko a bakin kasuwa, ya nuna maka waya mai tsada, ya ce ka ba da rabin kuɗi, yana waige-waige. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sayen kayan sata laifi ne a doka. Ana bin sawun waya ta lambarta, wanda aka same ta a hannunsa kuwa shi za a fara kamawa.

Ga ɗan lissafi don gwaji. A ce wani ya sayi ta gwanjo naira 40,000. Bayan wata biyu ya sauya batir 8,000. Bayan wata huɗu ya sauya gilashi 20,000. Nawa ya kashe? Naira 68,000. Wani kuma ya sayi sabuwa 65,000, da rasit da alkawarin shekara. Wa ya yi araha? Ku lissafa da kanku.

MAƘIYAN WAYA HUƊU

Na fari zafi. Batirin waya ba ya son zafi ko kaɗan. A ƙasarmu cikin bazara zafi yakan wuce awo 40. Kada ka bar waya a rana, ko a kan kwano, ko a gaban mota. Kada ka sa ta caji ka cusa ƙarƙashin matashi. In ka ga bayanta ya kumbura, batir ne ya lalace. Daina aiki da shi nan da nan, gama yana iya kamawa da wuta. Kada a huda shi, kada a jefa shi a murhu, kada a bar wa yara su yi wasa da shi.

Na biyu ƙura. In hunturu ya shigo, ƙura takan cika ramin caji. Sai mutum ya ga waya ba ta ɗaukar caji, ya zaci ta mutu, alhali datti ne. A kashe ta, a share ramin a hankali da ɗan tsinke mai laushi. Ban da allura ko wani ƙarfe.

Na uku ruwa. In ta faɗa ruwa, ko ruwan sama ya dake ta a gona, kashe ta maza. Cire layi da katin ajiya, da batir in mai fita ne. Kada ka kunna don ka ga ko tana aiki. Kada ka sa ta caji. A shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, sa'an nan a kai wa mai gyara. Da damina ka riƙa sa ta cikin leda.

Na huɗu muguwar caja. Caja mai araha ta kashe waya da yawa. Yi amfani da wadda ta zo cikin kwali, ko irinta mai kyau. In wuta tana rawa, ko ana shirin tada janareto, zare waya tukuna. Wanda ke da hali ya sayi ƙaramar sola, rana kuwa ba mu rasa ta ba. In wurin mai caji kake kaiwa, kulle wayarka, ka yi mata alama, ka karɓi lambarka.

Riga ta roba da gilashin kariya kuɗinsu kaɗan ne. Sauya gilashin waya kuwa kuɗi ne mai yawa. Rigakafi ya fi magani.

A GYARA, A ƘARA, KO A SAUYA?

Ba kowace waya da ta yi nauyi ce ta tsufa ba. Sau da yawa rumbunta ne ya cika da bidiyon da aka yi ta turowa. Goge waɗanda ba ka bukata. In tana da gurbi, sa mata katin ajiya, wanda ake ce wa memori, ka mai da hotuna can. In caji ne ba ya daɗewa, sauya batir kaɗai ya isa. In kamfani ya aiko da saƙo cewa a sabunta manhajar waya, watau tsarin da ke tafiyar da ita, a yarda, gama yana toshe ƙofofin da ɓarayi ke bi. Amma RAM na waya ba a ƙara shi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ƙara maka, yaudara ce.

Akwai ranar da waya ke tsufa da gaske. Misali, cikin Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu na Android bai kai na 5 ba. Irin wannan ba laifin mai gyara ba ne. Sai a bar ta don kira, ko a sauya.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi waya karɓar ƙari. Da yawa cikinsu ana iya ƙara musu RAM. Ana kuma iya cire tsohon rumbu mai faifan da ke juyawa, a sa sabon iri da ake rubutawa SSD. Wannan kaɗai yakan sa tsohuwar kwamfuta ta yi sauri kamar an ba doki hatsi. Tana da ƴar fanka a ciki, ƙura takan toshe ta. A kai a share, kada kuma a ɗora ta a kan katifa, gama ta ƙasa take shaƙar iska.

Uban da zai saya wa ɗansa ta gwanjo ya riƙe wannan. Kamfanin Microsoft ya daina kula da tsarin Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Wanda ya gaje shi, Windows 11, ba ya hawa kowace tsohuwar kwamfuta. Saboda haka tambayi mai shago, “Wannan tana ɗaukar Windows 11?” Ka ce ya nuna maka, kuma a rubuta a rasit. Ga ɗalibi, RAM mai 8GB da rumbun SSD sun fi kyan jiki amfani.

In za ka kai gyara, cire layinka da katin ajiyarka. Yi ciniki kafin a kwance. In an sauya wani abu, karɓi tsohon. In kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabuwa, tsaya ka yi shawara. Cikin samarinmu masu gyara akwai gwanaye masu amana. Tambayi maƙwabta wanda suka gwada, gama matambayi ba ya ɓata.

ASIRINKA NAKA NE

Yanzu ga abin da ya fi duka. Waya in ta ɓace ana sayen wata. Amma in kuɗinka na banki a layin yake, wanda ya tsinci layin yana iya kwashe su. Saboda haka sa wa wayarka makulli, sa wa layin ma lambar sirri. Ran da ta ɓace, kada ka kwana. Je ofishin kamfanin layi a toshe shi, ka sanar da banki.

Akwai masu kira su ce daga banki suke. Su ce an rufe asusunka, ko ka ci kyauta, ko an sa sunanka cikin tallafi. Sa'an nan su nemi ka karanto musu lambar sirrinka, ko lambar da aka turo maka yanzu. Kashe wayarka. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya, ko sau ɗaya.

Tun 2023 aka daidaita lambobin aiki, suka zama iri ɗaya a kowane layi. Ku kwafe su a littafinku:

*310# duba sauran kuɗi.
*311* sa kati, a biyo da lambar katin, a rufe da #.
*312# sayen data.
*323# duba sauran data.
300 kiran kamfanin layi.
622 kai ƙara wurin Hukumar NCC, in kamfani bai share maka hawaye ba. Kyauta ne.

Wanda saƙonnin talla suka dame shi ya rubuta STOP ya aika 2442.

To, 'yan'uwa, ku duba duk abin da muka lissafa. Kwali, rasit, lambar shaida, saƙon banki, duka rubutu ne. Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa wa wani wayarsa ya karanta masa. Dole ya faɗa wa wani lambar sirrinsa ya danna masa. Waya a aljihunsa take, amma makullin yana hannun wani. Mata ma haka, kowace ta iya karanta saƙonta da kanta, ta san abin da ya shigo na adashi ko na sana'arta.

Babbar waya tana iya rubuta Hausa sosai. A cikin madannan da ake kira Gboard akwai Hausa, da haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Ku roƙi malaminku ya saita muku. Kowace rana ku rubuta saƙo guda, ko da layi ɗaya ne, ku aika wa ɗan ajinku. Da haka hannu zai faɗa.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne tambayoyi uku ne mutum zai yi wa kansa kafin ya sayi waya?
2. Mene ne bambancin rumbu da RAM?
3. Me za ka danna ka ga lambar shaidar wayarka? Ƙwaya nawa ce?
4. Faɗi maƙiyan waya huɗu.
5. Wani ya kira ka ya ce daga banki yake, yana son lambar sirrinka. Me za ka yi?

AIKIN GIDA

Rubuta lambar shaidar wayar gidanku a littafinka. A ƙarƙashinta rubuta sunayen mutum goma da lambobinsu, don ko waya ta ɓace zumunci kada ya ɓace. Ka zo da littafin aji mai zuwa, in Allah ya kai mu.